Tulunan giyar Fir'auna: me aka tono a Abidos, me kuma tulu ke iya faɗa?

A farkon watan Oktoban 2023 Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido da Kayan Tarihi ta Masar ta sanar da cewa masu haƙar kayan tarihi, ƙarƙashin jagorancin Christiana Köhler ta Jami'ar Biyana, sun tono ɗaruruwan tulunan giyar inabi a kabarin Sarauniya Merneith da ke Abidos, a lardin Sohaj. Wasu tulunan har yanzu bakinsu a liƙe yake, yadda aka bar su kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Kafin a ce me, kanun labarai sun cika da cewa an gano giya mai shekara dubu biyar, mutane kuma suka shiga tambaya: ana iya shan ta? Ita ce giya mafi tsufa a duniya? Ta yaya ma aka san giya ce?

Tambaya ta farko amsarta gajera ce. Babu ruwa ko ɗigo a cikin tulunan, ya ƙafe tun tuni. Abin da ya saura shi ne busasshen dusa-dusa a gindi da ƙwayoyin inabi. Ta biyu ma haka: an samu alamar giyar inabi a tukwanen ƙasar Jojiya tun wajen shekara ta 6000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato shekara dubu uku kafin Merneith. Tambaya ta uku ce mai zurfi, domin amsarta na tattare da tulun kansa, kuma a nan masana suka fi ja-in-ja.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Mutanen Masar ta dā sun bambanta abubuwan shansu da suna. Henket giyar hatsi ce, ta sha'ir da wani nau'in alkama, mai kauri, wadda ake ba ma'aikata tare da burodi a matsayin ladan aiki. Irep ita ce giyar inabi, abin sha na fada da gidajen bauta da manyan ma'aikata. Akwai kuma shedeh, wadda ta fi irep daraja da ƙaranci, kuma an daɗe ana gardama kan abin da ake yin ta da shi. Mai karatun Alƙur'ani ya san cewa matsar inabi sana'a ce a fadar Masar: a Suratu Yusuf, aya ta 36, ɗaya daga cikin samarin da suka shiga kurkuku tare da Annabi Yusuf (AS) ya ce ya ga kansa a mafarki yana matsar giya, a aya ta 41 kuma aka faɗa masa zai koma shayar da ubangidansa.

Kalmar amfora, wadda ke yawo a rahotanni, daga harshen Girka ta fito, ma'anarta abin da ake ɗauka ta gefe biyu. Tulu ne mai kunnuwa biyu da siririn wuya da gindi mai tsini. Tulunan Merneith ba amfora ba ne a wannan ma'ana. Dogaye ne marasa kunne, wasunsu da zobban yumɓu a jiki masu kama da igiyar da aka ɗaura, a kansu kuma da tulin laka mai siffar malafa wanda aka birgima hatimi a kai. Amfora ta gaske ba ta zama ruwan dare a hannun maginan Masar ba sai a zamanin da ake kira Sabuwar Daula, daga wajen 1550 zuwa 1070 kafin Miladiyya. Tsakanin tulun Merneith da na Sarki Tutankhamun na Sabuwar Daula akwai shekara sama da 1,600.

Yumɓu ma iri biyu ne. Akwai taɓon bakin Nilu, wanda ke yin ja ko ƙasa-ƙasa in an gasa, yana kuma tsatsafo da ruwa. Akwai na bakin hamada mai haɗe da farar ƙasa, irin na yankin Ƙena, wanda ke fita fari-fari ko ruwan ƙwai, ya fi tauri, ya fi riƙe ruwa. Sanin wane yumɓu aka yi tulu da shi shi ne matakin farko na sanin inda ya fito.

Tuluna 700 da gardamar asalinsu

Kurangar inabi ba 'yar asalin Masar ba ce. Ba ta fitowa da kanta a kwarin Nilu, shigo da ita aka yi daga gabashin Bahar Rum. Shaida mafi ƙarfi kan farkon wannan hulɗa ta fito ne daga Abidos ɗin nan, a wani kabari da Günter Dreyer na Cibiyar Binciken Kayan Tarihi ta Jamus ya tono a 1988. Ana danganta kabarin da wani sarki da masana ke kira Kunama na Ɗaya, saboda hoton kunama da ke jikin kayansa, wanda ya rayu wajen 3150 kafin Miladiyya, tun Masar ba ta gama haɗewa ƙasa ɗaya ba. An kiyasta tuluna kusan 700 aka jera masa, waɗanda za su ɗauki lita 4,500. A cikin wasu an samu ƙwayoyin inabi, a cikin wasu kuma yankakken ɓaure. Gwajin da Patrick McGovern na Jami'ar Fensilbaniya ya jagoranta ya nuna alamar ƙaron itace da ganyayen ƙamshi, abin da ke nuna an haɗa giyar da su don ɗanɗano, ko adanawa, ko magani.

Siffar tulunan ba ta Masar ba ce, irin ta ƙasar Kan'ana ce. McGovern da abokan aikinsa sun gwada sinadaran yumɓun suka ce ya yi daidai da na kudancin Falasɗinu da kwarin Urdun. In haka ne, to jakuna da jiragen ruwa sun yi jigilar dubban litoci na tafiyar ɗaruruwan kilomita don binne sarki ɗaya. Amma Naomi Porat da Yuval Goren, waɗanda suka fere tsingaron suka duba ma'adinan cikinsa da madubin ƙara girma, sun ce akasarin tulunan da yumɓun Masar aka yi su, watakila magina 'yan Kan'ana ne da ke zaune a can suka gina su bisa salon garinsu.

Kowane ɓangare na da inda yake da rauni. Gwajin sinadarai yana dogara ne ga samfuran da aka tara don kwatance, in babu samfurin wani wuri a rumbun, sakamako zai karkata ga mafi kusa da shi. Duban ma'adinai kuma yana dogara ga idon mai dubawa da saninsa na duwatsun yankin. Abin da ba a musu a kai shi ne, cikin 'yan ƙarnoni bayan wannan sarki, fadar Masar ta kafa gonakin inabinta a arewa, inda Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Tulunan Merneith daga wannan zamanin na biyu suke, lokacin da giya ta zama abin da fada ke nomawa, take ƙirgawa, take buga wa hatimi.

Me ya sa gindin ke da tsini

Duk wanda ya saba da randa zai yi mamakin tulun da ba ya iya zama da gindinsa. Dalilin yana ga tafiya. Gindi mai faɗi shi ne wurin da tulu ya fi saurin tsagewa in ya bugu, mai tsini kuwa kauri ne da shi, yana jure gwaruwa. A cikin jirgi ana jera su layi-layi, tsinin na sama ya shige tsakanin kafaɗun na ƙasa, a cusa ciyawa a tsakani. A rumbu a kafa su cikin yashi, ko a jingina da bango, ko a ɗora kan zoben yumɓu mai aikin gammo. Wajen zubawa tsinin ya zama mariƙi na uku. Laka-lakar giyar kuma tana kwantawa a can ƙasa wuri guda.

Wannan siffa ma aro ce. Maginan Masar sun kwaikwayi tulun Kan'ana, wanda ya yi ta shigowa ta tashar Abaris a gabashin yankin bakin teku, suka mayar da shi nasu: ya ƙara tsawo, ya ƙara sirancewa, aka riƙa shafa masa farin ruwan yumɓu a waje a goge shi har ya yi santsi.

Gogewar tana da dalili. Tsatsafowar da ke sa ruwan randa ya yi sanyi, wadda ta sa har yau Misirawa da mutanen Sudan ke ajiye babbar randar da suke kira zir a bakin hanya, ita ce ke ɓata giya. Ruwa na fita, iska na shiga, abin ciki ya koma tsami. A zamanin Girkawa da Rumawa an magance wannan da shafa baƙin ƙaro a cikin tulu, kuma ana ganin sa ƙarara a tsingaron wancan lokaci. Ko an yi haka a Sabuwar Daula? Howard Carter, wanda ya gano kabarin Tutankhamun, ya ɗauka an shafe cikin tulunansa da ƙaro, amma Alfred Lucas, masanin sinadaran da ya yi aiki tare da shi a kabarin, ya duba bai ga shaidar hakan ba. In Lucas ne da gaskiya, giyar fir'aunoni ba mai daɗewa ba ce sosai, kuma wannan na da tasiri kan yadda ake karanta shekarun da aka rubuta a jikin tulunan.

Zanen bangon kaburburan Luksor, kamar na Nakht, ya nuna aikin daki-daki: masu tsinka, masu tattakawa da ƙafa suna riƙe da igiyoyin da ke rataye don kada santsi ya kwashe su, sai jerin tuluna. Ruwan inabin a cikin tulu yake tsimuwa. In ya lafa sai a toshe baki da dunƙulen ciyawa ko ɗan faifan yumɓu, a lulluɓe da laka har wuya, a buga hatimi tun tana ɗanya. A jikin wasu murafen akwai ɗan rami. Bayanin da aka fi karɓa shi ne an bar shi ne don iskar tsimuwa ta fita kada tulu ya fashe, daga baya a liƙe.

Rubutun kafaɗa

A nan ne tulun Masar ya sha bamban da na maƙwabta. A Sabuwar Daula magatakarda kan rubuta bayani da baƙar tawada a kafaɗar tulu, da rubutun hannu mai sauri da ake kira hiratik: shekarar sarautar sarki, irin abin da ke ciki, gandun da ya fito, yankin, da sunan shugaban masu inabi. Wani lokaci a ƙara daraja: nefer, wato mai kyau, nefer nefer, mai kyau ƙwarai, ko nejem, mai zaƙi.

A kabarin Tutankhamun, wanda Carter ya gano a Nuwamban 1922, an samu tuluna 26 masu irin wannan rubutu. Akasarinsu na shekara ta 4 da ta 5 da ta 9 ne, daga gandun sarki ko na gidan bautar Aten, abin bautarsu na rana, mafi yawa a yankin da suke kira Kogin Yamma, wato reshen Nilu na yamma a arewacin ƙasar. Sunan wani shugaban masu inabi, Kha, ya fito a kan tulu fiye da ɗaya. A Malkata, fadar Sarki Amenhotep na Uku, an tattara rubutattun tsingaro kusan 1,400 na giya da nama da mai da sauransu, yawanci na kayan da aka kawo don bukukuwan sabunta sarautarsa a shekara ta 30 da ta 34 da ta 37.

Magatakardan lissafin rumbu suke yi, amma sun bar wa masana tarihi ma'aunin shekaru. Tunda kowace shekara ana girbi, kowace shekara ana rubutu, shekara mafi girma da aka gani a tulunan wani sarki tana nuna kusan inda mulkinsa ya tsaya. Da haka aka tsayar da cewa Sarki Akhenaten ya yi shekara 17 a kan gado, domin a birninsa na Amarna rubutun tuluna bai wuce nan ba.

Batun Horemheb, sarkin ƙarshe na gidan sarauta na 18, ya fi zafi. An daɗe ana ba shi shekara 27 ko 28, bisa wani rubutu da aka samu a Madinat Habu. Da aka sake share kabarinsa a Kwarin Sarakuna a 2006 da 2007, sai aka tarar da tarin tsingaron tulunan giya, waɗanda ke da cikakkiyar shekara duk na 13 ne ko 14, babu wanda ya haura. Jacobus van Dijk, masanin tarihin Masar, ya kafa hujja da wannan ya ce Horemheb bai wuce shekara 14 ko farkon ta 15 ba, domin da wuya a binne sarki da tsohuwar giya alhali ga sabuwa. Masu riƙe da dogon mulki suna cewa ana iya ajiye kaya a kabari tun mai shi na raye. Hujjar van Dijk ta fi samun karɓuwa a yau, saboda yawan tsingaron da yadda suka taru a shekaru biyu kacal. Bambancin shekara 13 ba ƙaramin abu ba ne, domin da jerin sarakunan Masar ake daidaita tarihin Hitiyawa da Babila da garuruwan Sham.

Akwai kuma tulu ɗaya a kabarin Tutankhamun mai ɗauke da shekara ta 31. Shi bai yi fiye da shekara goma a kan gado ba, Akhenaten da ya gabace shi kuma 17, don haka shekarar ta Amenhotep na Uku ce, wanda ya gabace su duka. Wasu na ganin giya ce da aka adana shekara talatin da wani abu saboda darajarta. Wasu na ganin tsohon tulu ne aka sake cikawa ba a goge rubutun ba. In aka tuna maganar Lucas kan rashin ƙaro, bayani na biyu ya fi zama da gindinsa.

Iyakar ɗakin gwaji

Alamar da aka fi nema a dattin gindin tulu ita ce sinadarin tatarik, wanda ke da yawa a inabi. Amma samunsa bai isa a ce giya ce ba. Ruwan inabi marar tsimi da busasshen inabi da ruwan khal, wato biniga, duk suna barin sa, kuma akwai shi da yawa a tsamiya. Barasar kanta ba ta saura, tana bin iska. Shi ya sa masu taka-tsantsan ba sa yanke hukunci sai sinadari ya haɗu da siffar tulu, da ƙwayoyin inabi, da rubutu in akwai.

Inda waɗannan suka haɗu, sakamakon na da ƙarfi. Maria Rosa Guasch-Jané ta Jami'ar Basalona ta gwada dattin tulunan Tutankhamun tana neman sinadarin sirinjik, wanda ke fita daga launin fatar jan inabi. A 2004 ta nuna cewa akwai jar giya a ciki. A 2006 ta nuna wasu tulunan na da tatarik ba sirinjik, abin da ta fassara da farar giya, sannan ta nuna shedeh daga jan inabi ake yin ta, bayan shekaru da dama littattafai na cewa daga rumman ne. Tuluna uku da aka ajiye a ɗakin gawar kansa sun ja hankali: jar giya a yamma, fara a gabas, shedeh a kudu. Fassararta ita ce jerin na da alaƙa da imaninsu kan faɗuwar rana da fitowarta. Gwajin farar giya ya fi rauni, domin hujjarsa rashin ganin abu ne, kuma abu na iya ɓacewa cikin shekara 3,300.

Bayan an shanye

Tulu ba ya mutuwa da ƙarewar abin cikinsa, kuma ba kowace amfora ce ta giya ba. Jirgin da ya nitse a Uluburun, gaɓar kudancin Turkiyya, a ƙarshen ƙarni na 14 kafin Miladiyya, yana ɗauke da tulunan Kan'ana kusan 150. Yawancinsu ƙaron turare ne a ciki, wani zaitun, wani duwatsun ado na gilashi. Hirodotus, Bagirken da ya rubuta labarin Masar a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ce duk da yawan giyar da ke shigowa daga Girka da Finiƙiya, ba ka ganin tulun da ba kowa a ciki, domin kowane mai gari na tattara su ya aika birnin Mamfis, a cika su da ruwa a kai hanyar hamadar da ta nufi Sham. Shi ɗin dai ya ce Misirawa ba su da kurangar inabi, maganar da zanen kaburbura da dubban rubutun tuluna suka ƙaryata.

Rabon talaka, jiya da yau

Manomin Masar ta dā henket ya sani. Irep sai ranar biki, ko in sarki ya yi kyauta. Amma guminsa na cikin kowane tulu: shi ya yi ban ruwan kuranga a ƙasar da ba ruwan sama, shi ya haƙo yumɓu, shi ya yi dako zuwa jirgi. Rubutun kafaɗa sunan shugaba kawai ya ajiye, wasu sunayen ma na mutanen Sham ne. Abin da ya fi isa hannun talaka shi ne tulun bayan ya fashe. A Dairul Madina, ƙauyen ma'aikatan da suka sassaƙa kaburburan sarakuna, a kan tsingaro da ɓallin dutse ake rubuta bashi da wasiƙa da sunayen waɗanda ba su zo aiki ba.

A yau haƙa irin ta Abidos aikin yi ce ga mutanen ƙauyukan da ke kewaye, da kuma ƙwararrun shugabannin leburori 'yan garin Ƙift, waɗanda kakanninsu suka koyi sana'ar a hannun Flinders Petrie, mutumin da ya fara tono kabarin Merneith wajen 1900. Dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 ta mayar da duk abin da aka tono mallakar ƙasa, don haka tulunan ba za su bi hanyar Turai kamar na zamanin Petrie ba. Fitar da samfuri waje don gwaji ma na da wuyar izini, abin da ke sa sakamako jinkiri.

Hanyar gwajin kuwa ta riga ta iso gida. A 2021 masu bincike daga jami'o'in Biristol da Farankfot sun gwada tsingaro sama da 450 na al'adar Nok, ta kudancin Kaduna da kewaye, suka samu alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da suka riƙe maiƙo, shaidar cewa ana ɗibar zuma a yankin tun shekara 3,500 da suka wuce. Tsingaron da ya ba da wannan labari an ɗauke shi ne daga inda yake kwance, aka rubuta zurfinsa da abin da ke kusa da shi. Wanda masu haƙar sata suka tono suka wanke don sayarwa ba ya amsa irin wannan gwaji.